ƘANSHIN GIDA
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, Sabo, Ibadan



Jama'a, tun 1916 aka kafa Sabon nan. Kakanninmu suka kawo shanu, suka koma da goro. Wasunmu nan aka haife su, nan suka yi furfura. To me ya sa har yau in an soya man shanu a maƙwabta, sai zuciyar dattijo ta koma Kano ko Katsina?

A Islamiyya an koya mana labarin Annabi Yaƙubu, alaihissalam. Ayari na barin Masar da rigar Annabi Yusufu, ya ji ƙanshin ɗansa, alhali ba ya gani. Likitoci ma sun ce hanci yana da hanya ta kai tsaye zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye abin da ya wuce. Shi ya sa ƙanshi kan riga tunani isowa.

Amma fa abin da hanci ya sani tun yarinta shi ya fi tunawa. Nan damuwarmu take. Yaranmu da yawa sun tashi da dunƙulen Maggi kaɗai. In aka buɗe daddawa sai su toshe hanci. Wannan yaro, ran da aka kai shi gida, kakarsa ta zuba masa miyar kuka ya ture, wa ya zama baƙo? Maƙwabtanmu Yarbawa kuwa, da kalwar nan dai suke yin tasu, iru, kuma ba su yar da ita ba.

Saboda haka muna roƙo uku. Iyaye mata, ku mayar da daddawa tukunya, ku koya wa 'yan mata haɗa turaren wuta da kajiji da humra kafin aure. Maza, lokacin hutun makaranta a kai yara gida, ko da sau ɗaya ne a farkon damina, su ji ƙanshin ƙasa in ruwan fari ya sauka. Mu kuma masu sayarwa, mu ji tsoron Allah, kada mu yi algus a turare ko man shanu. Wanda ya saya, gida yake nema.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.