Jawabin shugabannin ƙungiya a taron cikar shekara: maganar keken yaran baƙinmu

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka daure suka zauna da mu, sannunku da zuwa. Ma'aji ta karanta lissafin adashe da ribar shinkafa, kun ji. Saura magana ɗaya da muka ɗauko, ita ce maganar keke.

Tun shekarar 2019 mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fara tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, dubbai a cikin watanni kaɗan. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar suka janye wasu daga bakin iyaka, suka zaunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Chadakori. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, amma kuɗi sefa ne, boko kuma da Faransanci. Wasu ba su tsallaka ba, nan suka faɗo: Talata Mafara, Bakura, Maradun, har cikin gidajenmu na Janbako. To ai wanda ya baro gonar ubansa da dare baƙo ne, ko iyaka ya ƙetare ko rafi.

Manya mun san abin da suke nema, abinci da ɗaki. Yaro mai shekara 13 ko 15 shi ne ake mantawa da shi. Ba gona, ba dabbar kiwo, bai san kowa ba, sai zaman gindin bishiya. Kuma kun san masu neman irin waɗannan yara ba sa barci.

Ba shi keke ku ga. Da safe ya ɗaura jarka biyu a kariya ya kawo ruwa. Ya kai niƙa. Lokacin noman rani ya sauka fadamun Bakolori ya yi ƙwadago, ya dawo kafin la'asar. Ran Talata ya ɗauko wa wata cikinmu kaya daga kasuwar Mafara a ba shi na sabulu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin kabu-kabu ya fi ƙarfin talaka, kuma mun tuna 2021 da gwamnati ta taƙaita hawan babur da sayar da fetur a jarka. Keke ba ruwansa da wannan, iska da ɗan baƙin mai a kaca sun ishe shi. Abin da ya fi burge mu ma, zaman wurin mai faci. Nan yaro ke jin sunan unguwanni, nan yake abokai, wani har ya koyi liƙi da ɗaure birki ya zama sana'arsa.

Ba mu muka fara ba. A Landan akwai The Bike Project, tun 2013 suke gyara tsofaffin kekuna suna ba masu neman mafaka, don yawancinsu doka ta hana su aiki, kuɗin mota kuma tsada. A jihar Bihar ta Indiya, daga 2006 gwamnati ta riƙa ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke, zuwansu makaranta ya ƙaru.

Mun san inda za a ja da mu. Wata za ta ce hanya ba lafiya, kuma gaskiyarta. Ba mu manta Jangebe ba, ba mu manta makarantar Kaya ba. Don haka keken nan na cikin gari ne da hanyar da jama'a ke bi, da rana, yara biyu ko uku tare. Maganar 'yan mata kuma, mu dai muna ganin ƙananan ba laifi su hau zuwa Islamiyya, amma izinin uwa da uba shi ne gaba.

Ga abin da muke roƙo. A cire wani kaso daga ribar bana a sayi kekuna na hannu, ƙungiya ce mai su, aro za a bayar, uwar yaro ko mai masaukinsa ta tsaya masa. Wannan na nufin rabon kowacce zai ɗan ragu, ba za mu ɓoye muku ba. Maigida, in akwai tsohon Raleigh ko Phoenix da ya yi tsatsa a zaure, a ba mu, mu za mu biya gyara. Sakatariya na bakin ƙofa da littafi, za a ɗaga hannu a kan kason a zama mai zuwa in Allah ya kai mu.