Kallon da Ake Yi Maka Shi Ma Jari Ne



An nemi in yi magana a kan yadda fahimtar mutane take juya harkar kasuwanci da jagorancin ma'aikata da zaman sasantawa. Abu guda nake so in tsaya a kai: abin da mai saye ya yarda da shi game da kayanka wani sashe ne na kayan, kuma yana da farashi kamar yadda buhu da shago suke da farashi.

Mu fara da ciniki, tunda babu wanda bai taɓa yinsa ba a cikinmu. A shekarar 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun wallafa wani gwaji. Sun juya wa mutane wani faifai mai lambobi, wanda aka riga aka shirya shi ya tsaya ko dai a kan 10 ko a kan 65. Daga nan sai suka tambaye su: kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne ƙasashen Afirka? Waɗanda faifai ya nuna wa 10, amsarsu ta taru wajen kashi 25. Waɗanda ya nuna wa 65, tasu ta taru wajen kashi 45. Lambar faifan ba ta da wata dangantaka da tambayar, kowa ya ga da idonsa juyawa aka yi, amma duk da haka ta ja hankalinsu zuwa gefenta. To ina ga lambar da ta fito daga bakin mai kaya? Shi ya sa gogaggen ɗan kasuwa yake cewa "taya mana", mai saye kuma ya ce "a'a, kai dai faɗi." Kowannensu ya san kuɗin da aka fara ambata shi ne turken da za a ɗaure cinikin. Sauran "albarka" da "ƙara dai" da "na sallama" duk a kewayensa za su yi ta zagaye.

Amma wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne yarda. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nazarci cinikin shanu da goro a hannun Hausawan wurin, littafinsa ya fito a 1969. Abin da ya gani shi ne, falke zai kawo shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigidansa, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, babu takarda babu banki. Dillalai ne suke riƙe da sanin kowane mahauci, nawa ake binsa, yaya biyansa yake. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai ɗauki asarar ya biya baƙonsa. Ba don tsoron kotu yake biya ba. Ya san labari zai riga shi isa Arewa, kuma ranar da fatake suka daina ganinsa a matsayin mai cika alkawari, gidansa ya zama kango ko da ɗakunan suna nan lafiya lau. Mutuncinsa shi ne lamunin kasuwar gaba ɗaya.

Yanzu in kai ku wurare biyu masu nisa, inda manyan kamfanoni biyu suka gamu da jarrabawa iri ɗaya, kowanne ya amsa ta da salonsa.

A ƙarshen Satumbar 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago ta Amurka bayan sun sha kafson maganin ciwon kai na Tylenol. Bincike ya nuna wani ne ya zuba guba a cikin kafson bayan maganin ya bar masana'anta ya isa kantuna. Wato kamfanin Johnson & Johnson mai maganin ba shi da laifi, kuma abin ya tsaya a yanki guda. Shugaban kamfanin, James Burke, yana da hujjar da zai tsaya a kai. Sai ya bar hujjar, ya sa aka janye kwalabe kusan miliyan 31 daga duk faɗin ƙasar, kayan da suka kai kimanin dala miliyan 100, aka kuma yi shela a daina shan kafson. Kason maganin a kasuwa ya faɗo daga wajen kashi 35 zuwa kashi 8. Cikin 'yan makonni suka dawo da shi a sabon mazubi mai hatimi uku, wanda duk wanda ya taɓa shi za a gane. Kafin shekara ta zagayo maganin ya ƙwato mafi yawan kasuwarsa. Burke ya fahimci cewa uwar da take tsaye a kanti ba tambayarta waye mai laifi ba. Tambayarta ita ce, wannan kwalbar da ke hannuna, in ba ɗana ko kada in ba shi?

Na biyun a Indiya ne. A can Maggi ba dunƙulen miya ba ne kamar yadda muka san shi, taliyar leda ce ta kamfanin Nestlé, kuma kafin 2015 ita ce ta mamaye kusan kashi 80 na kasuwar irin wannan taliya. A 2014 wani jami'in duba abinci a jihar Uttar Pradesh ya ɗauki samfuri, daga baya wani ɗakin gwaji a Kolkata ya ce ya sami dalma a ciki fiye da kima nesa ba kusa ba. Kamfanin ya yi nasa gwaje-gwajen masu yawa, ya ce kayansa lafiya suke, ya riƙa amsa hukuma da takardu da alƙaluma. Shi yana kallon abin a matsayin saɓanin ɗakunan gwaji. Jama'a kuwa, da labari ya shiga talabijin, abin da suka gani shi ne wani katafaren kamfanin waje yana musu alhali ana maganar abincin yara. Ranar 5 ga Yunin 2015 hukumar abinci ta ƙasar ta haramta taliyar, a ranar ne kuma kamfanin ya sanar da janye ta, shugabansa Paul Bulcke yana Delhi yana nanata cewa ba ta da illa. Aka ƙone kusan tan 38,000 a masana'antun siminti. A watan Agusta babbar kotun Bombay ta soke haramcin ta ba da umarnin sabon gwaji, gwajin ya wanke taliyar, ta koma kantuna a Nuwamba. Hukumomin Birtaniya da Singafo ma sun gwada ba su ga matsala ba.

Ku lura da kyau. Bisa abin da kotu da gwaje-gwajen baya suka nuna, kamfanin yana kan gaskiyarsa. Amma sai da ya yi wata biyar babu ko leda ɗaya a kasuwa. A ganina kuskurensa shi ne ya ɗauka gaskiya tana isar da kanta. Ba ta yi. Sai an sami wanda zai ɗauke ta, da harshen da mai tsoro zai ji, a lokacin da yake bukatar ji. Kamfanonin nan biyu duk sun janye kaya, duk sun yi asara. Na farko ya janye tun ana kallon hakan a matsayin kula, na biyu ya janye bayan an fara kallonsa a matsayin tilas.

Ga manajojin da ke zauren nan, a nan ne aikinku yake. Fiye da shekara guda ta wuce tsakanin ɗaukar samfurin farko da fashewar rikicin Maggi. A kowace ma'aikata akwai wanda yake fara jin ƙishin-ƙishin: direba, mai rarraba kaya, yarinyar da ke kan kanta. Idan sun ga oga yana ɓata rai da mai kawo mummunan labari, za su yi shiru, kuma shirun nan shi ma fahimta ce ta haife shi, fahimtarsu game da kai. Lokaci kuma ya ƙure fiye da da. Ranar 9 ga Maris 2023 masu ajiya sun nemi cire dala biliyan 42 daga bankin Silicon Valley cikin yini ɗaya, yawanci ta waya, washegari hukuma ta rufe shi. Bankin yana da raunin gaske a asusunsa, amma saurin da tsoro ya yi yawo shi ya hana shi samun ko kwana biyun gyara.

Sai batun sasantawa, kuma a nan ba sai mun je nesa ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, saboda raɗe-raɗin cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Maganin ba shi da wannan illa, kuma dakatarwar ta jawo hasara mai ciwo: yara sun shanye, cutar ta tsallaka har Sudan da Yaman da Indunusiya. Ina faɗin wannan ba tare da kwana-kwana ba. Amma waɗanda suka zo lallashi da farko sun zo da sakamakon gwaji, suna mamakin yadda mutane suka ƙi karɓar hujja. Sun manta cewa a garin nan na Kano ne, a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 suka shiga, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, shari'a ta ja har aka sasanta da jihar Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Mutane ba takarda suke tuhuma ba, hannun da ya miƙo ta suke tuhuma.

Abin da ya warware ƙullin a tsakiyar 2004 shi ne sauya hannun. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tura nata mutanen suka duba, aka kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, aka ci gaba da rigakafi. A shekarun da suka biyo baya sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga gaba a aikin, har aka kai ga shelar kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a Agustan 2020. Ɗigon da ake sa wa yaro a baki aikinsa bai canza ba. An dai nemo waɗanda jama'a suka yarda da su, aka kuma ba gwamnatin jihar hanyar sauka daga matsayinta ba tare da ta ji kunya ba. Wannan na biyun masu sasantawa suna yawan mantawa da shi. Mutum yakan gane ya kamata ya sassauta, abin da ke riƙe shi shi ne idon mutanensa.

Kada wani ya fita daga nan da zaton ina koyar da kwalliyar ƙarya. Mun ga harkar zuba kuɗi ta MMM a 2016, wadda ba ta da komai sai kyakkyawan zato da shaidar baki, kuma mun ga hawayen da aka yi da ta daskarar da asusun mutane a Disambar shekarar. Dukkan misalan da na kawo na waɗanda suka farfaɗo, kayansu na ƙwarai ne tun asali.

Roƙona na ƙarshe ga malamai da ɗaliban sashen kasuwanci ne. Littattafan da muke koyarwa cike suke da Chicago da Delhi, ni ma yau can na kai ku. Amma a kasuwannin Kantin Kwari da Dawanau da Singa ana ba da kayan miliyoyi bashi kullum bisa kalmar baki da sanin asali. Yadda ake auna mutum a can, wanda ake tambaya kafin a ba shi kaya, yadda wanda ya karye yake dawo da sunansa, da abin da ke faruwa yanzu da ciniki ya koma WhatsApp inda ba a ganin fuska, duk waɗannan suna bukatar wanda zai je ya zauna a bakin shago da littafin rubutu, kamar yadda Cohen ya zauna a Sabo. Dattawan da suka san amsoshin suna nan da ransu, kuma da yawansu za su yi magana idan aka je musu da ladabi.