Karatu Uku da Kwana Talatin: Hanyar da Doka Take Bi Kafin Ta Iso Asibitin Garinmu

Jawabin da ɗaya daga cikin likitocinmu ya gabatar a taron ƙungiya na shekara, a Bi'ir Ali, Madina

 

Kwamitin shirye-shirye ya ce in yi magana a kan asibitin garinmu, tunda aikina ke nan. Na amsa, amma na roƙi a bar ni in biyo ta majalisa. Dalilina shi ne, duk abin da muke tarawa a nan muna aikawa, na gadaje da magani da gyaran rufi, Allah ya saka wa kowa, bai kai abin da layi ɗaya a cikin kasafin kuɗin jiha zai yi ba. Wannan layin kuwa ana rubuta shi ne a ranakun da babu wanda yake kallon majalisa, ranakun da akawu yake karanta takardu, 'yan jarida suna hamma.

Dattawanmu za su tuna cewa Jihar Arewa majalisa biyu gare ta. Tsarin mulkin Richards na 1946 ne ya kawo Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai, suna zama a zauren Lugard da ke Kaduna, inda Majalisar Dokokin Jihar Kaduna take a yau. Ta sarakuna ita ce ta sama, kuma Sarkin Gwandu Alhaji Haruna Rashid ya shugabance ta. Abin da wakilai suka zartar sai ya je gaban sarakuna an sake duba shi. Juyin mulkin Janairun 1966 ya rufe su duka biyun, kuma da aka dawo mulkin farar hula a 1979, kowace jiha majalisa ɗaya tak aka ba ta. A Amurka jihohi 49 cikin 50 majalisa biyu-biyu suke da su, Nebraska kaɗai ta fita daban. Mu a wajenmu, majalisa ta sama a Abuja kawai ta rage, wato Majalisar Dattawa mai sanatoci 109.

To me ake yi a cikinta ranar Talata, Laraba da Alhamis? A shigo da sandar majalisa a ajiye, a yi addu'a, a amince da rahoton zaman da ya gabata, a karanta wasiƙu da koke-koke, sannan a shiga jadawalin ranar. Zama ba ya halatta sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa suna nan, sanatoci 37 ke nan, kuma tsarin mulki ya wajabta musu zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Ƙudirin doka yana fara da karatu na farko, wanda sunansa kawai ake faɗa, ba ya ɗaukar minti ɗaya. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa. Daga nan a miƙa shi ga kwamiti, kwamiti ya kira jama'a ya saurari ra'ayinsu, ya dawo da rahoto, a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, a buga guduma. Sai a tura wa ɗaya majalisar ita ma ta yi nata. In sun saɓa, a haɗa kwamitin sulhu. Shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa kafin a tsallake shi.

Na ga wasu sun fara lumshe ido, kuma ban ga laifinsu ba bayan wannan shinkafa. Amma ku dubi abin da wannan jerin ya yi wa aikina. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta yi shekaru tana yawo tsakanin kwamitoci. A 2011 majalisun biyu suka zartar da ita, Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba, wa'adin majalisar ya ƙare, ƙudirin ya mutu tare da shi, domin haka ƙa'idar take. Aka koma karatu na farko kamar ba a taɓa yi ba. Sai a Oktoban 2014 ta zama doka. A cikinta akwai sashe na 11, wanda ya ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, irin ɗakin shan magani na mazaɓa inda mata suke awo da haihuwa. Ko bayan sa hannun, kuɗin bai shiga kasafi ba sai a 2018, da majalisar tarayya ta cusa shi da kanta. Ku ƙirga daga 2011 zuwa 2018. Wanda ya taɓa tsayawa kan mai naƙuda tana zubar da jini, babu jakar jini ko ɗaya a firiji, ya san nauyin shekara bakwai.

Kuɗin kuma ba ya sauka a jiha haka kawai. Sai jiha ta kafa nata hukumomin ta hanyar doka, ta kuma saka nata kason. A Kano, dokar hukumar taimakekeniyar lafiya ta 2016 tana cikin irin waɗannan, kuma ita ma ta bi karatun nan uku a gaban 'yan majalisa 40.

Nan ne damuwata take. A Abuja, in majalisa ɗaya ta yi gaggawa, akwai ta biyu da za ta sake dubawa. A jiha babu. Matakan nan masu sa barci su ne kaɗai birkin da ya rage. Mun ga abin da ya faru da dokar masarautun Kano. A watan Mayun 2019 aka zartar da ita cikin 'yan kwanaki, gwamna ya sa hannu, aka ƙirƙiri Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. A Nuwamban shekarar babbar kotun jiha ta rushe ta saboda ba a bi ƙa'idar majalisa ba, sai da aka sake wata a Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar ta soke ta, wani gwamnan ya sa hannu a ranar. Na san a cikin ɗakin nan akwai masu goyon bayan kowane ɓangare, kuma ban zo in raba wannan gardama ba. Abin da nake nunawa shi ne saurin. Majalisar da za ta iya wannan cikin kwana biyu ko uku, za ta iya cire kuɗin asibiti daga kasafi kafin labari ya iso Madina. Ba kuma ina kiran a dawo da Majalisar Sarakuna ba ne; ba zaɓensu aka yi ba, kuma talakan wancan zamani yana da nasa kukan a kansu.

Mu da muke zaune a Bi'ir Ali bai kamata a yi mana dogon bayani kan mataki ba. Kullum muna ganin motocin alhazai suna tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, komai saurin direba, domin wanda ya wuce bai ɗauki harami ba sai ya dawo ko ya yi yanka. Ba ina haɗa ibada da dokar ɗan'adam ba ne, misali kawai nake. A ɗakin tiyata ma haka muke. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin tambayoyi 19 da ake bi: a tabbatar da sunan majinyaci, a tabbatar da wurin da za a yanka, a ƙirga auduga da allurai kafin a ɗinke. Manyan likitoci da yawa sun raina shi da farko. Da aka gwada shi a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, mace-mace bayan tiyata suka ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Nas ɗin da take tsayar da babban likita ta ce auduga ɗaya ba ta cika ba, aikin da ɗan majalisa yake yi ke nan idan ya miƙe ya ce adadinmu bai kai ba, a ƙirga.

Mu na waje ba mu da ƙuri'a. Ranar 1 ga Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba 'yan Najeriya mazauna ƙetare damar zaɓe daga inda suke. Amma zaman sauraron ra'ayin jama'a ba ya tambayar katin zaɓe. Ƙungiya tana iya aika takardar matsayarta ga akawun kwamiti, kuma wakilinta yana iya tsayawa ya kare ta.

Saboda haka ina kawo shawara gaban shugaban taro. A naɗa mutum uku, biyu daga reshen gida, ɗaya daga nan. Gwamna yakan gabatar da kasafi ne a ƙarshen shekara. Da zarar ya gabatar, su nemo kwafin ɓangaren lafiya, su duba ko sunan asibitinmu yana ciki da nawa aka rubuta masa, su kuma samo ranar da kwamitin lafiya da na kasafi za su zauna daga wurin ɗan majalisarmu. Takardar kada ta wuce shafi biyu: gadaje nawa, ungozoma nawa, haihuwa nawa ake karɓa a wata, awa nawa ake samun wuta. Ni da sauran ma'aikatan lafiya na ƙungiya mun ɗauki nauyin rubuta ta, in reshen gida zai aiko mana da alƙaluman daga rajistar asibitin kafin ƙarshen wata mai zuwa. Kuɗin motar wanda zai je Kano ya karanta ta kuwa, ina roƙon ma'aji ya sa shi cikin lissafin da zai gabatar bayan sallar Isha'i.