Mallakar Gidan Farko: Takarda Kafin Tubali

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a garin Kwoi



An nemi in yi magana a kan abin da ke ci wa samarinmu tuwo a ƙwarya, wato yadda mutum zai fita daga gidan haya ya mallaki nasa na kansa. Kowa a nan ya san halin da ake ciki. Ka ji labarin fili da safe, kafin ka haɗa kuɗi zuwa la'asar dillali ya ce maka an riga ka.

Dalilin wannan rububi ba ɓoyayye ba ne. Kafanchan ta fara cika tun da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927. Daga baya ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ɗalibai da malamai kowa na neman ɗaki, masu kuɗi kuwa suna sayen fili don su gina na haya. Nan Kwoi kuma hanyar Keffi ta kusanto mu da Abuja, ma'aikacin da ya kusa ritaya yana dawowa da kuɗin da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai ja da shi ba. Sannan in kakar citta ta yi kyau, kuɗi ya shigo hannu lokaci guda, filaye su tashi. Akwai kuma wanda ba mu son faɗa: tun rikicin 1987 da na 2011, mutane sun koma neman gida inda nasu suka fi yawa, sai masu saye suka yi wa 'yan unguwanni kaɗan yawa.

To, jama'a, tsadar ba ita ce babbar matsala ba. Matsalar ita ce gaggawar da tsada ke jefa mutum a ciki. Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa.

Mu tuna inda muke zaune. Yawancin filayen ƙasar Ham na gado ne, na dangi, ba na mutum ɗaya ba. Wanda ya nuna maka fili yana iya zama ɗaya daga cikin magada goma. In ya karɓi kuɗinka shi kaɗai, ranar da ka sauke yashi sauran za su fito, kuma suna da gaskiya. Saboda haka kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka nemi babban gidan, ka ji daga bakinsa. A kira maƙwabtan filin ta gabas da yamma, kudu da arewa, su nuna iyaka da ƙafarsu. Mai unguwa da dagaci su sa hannu. Shaidu kuma kada su zama namu kaɗai. A samu na ɓangaren mai sayarwa, domin su za a fi saurara in magana ta tashi bayan ba ma nan.

Sai maganar hukuma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kansu. Ke nan takardar cinikin da aka rubuta a zaure shaida ce kawai cewa ka biya, ba ita ce takardar mallaka ba. Tun daga 2015 Jihar Kaduna ta kafa hukumar KADGIS don rajistar filaye. Ka kai safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka, ka bi layi ka nemi takardarka. In kuma ginannen gida ne mai takarda, a bincika sunan wa ke kanta, kuma ba a jinginar da ita a banki ba. Yana cin lokaci, yana cin kuɗi, amma bai kai kuɗin lauya ba.

Ta fuskar kuɗi, ma'aikatan gwamnati su sani tun 1992 akwai asusun gidaje na ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, kuma mai zubi yana da damar neman rance ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Amma fa da takardar mallaka ake nema, kun ga mun sake dawowa kanta. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankuna marasa ruwa irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Sauranmu 'yan kasuwa da masu sana'a, adashi bai daina aiki ba. Abin da nake roƙo shi ne kada mutum ya zuba jarinsa kaf a fili. Mun ga yadda cutar citta ta 2023 ta bar gine-gine da yawa a tsaye ba rufi.

Kuma a rage buri. Ɗaki biyu da kewaye da katanga a filin da ba rigima ya fi bene a filin da ke gaban alƙali. A buga bulo kaɗan-kaɗan, a sayi kwano in an samu sarari.

Ina ba shugabanni shawara a kafa ɗan kwamiti na dattawa uku ko huɗu, waɗanda suka san gari, masu gari kuma suka san su, domin duk ɗanmu da zai yi ciniki su raka shi. A riƙa ajiye kwafin kowace takarda wajen sakatare, saboda gobara da mantuwa. Wanda zai sayar da gida a cikinmu kuma ya fara sanar da masu haya kafin ya kira dillali.

Allah ya ba kowa muhalli mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.