Gam Ko Ɗinki: Jawabi Ga Hakimai Da Magatakardansu A Kwanar Dangora

Kaka ta gabato, kun kuwa sani, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, lokacin yankan shinkafa da dawa shi ne lokacin da lauje da adda suka fi yi wa manoma rauni. Abin da ya kawo ni gabanku wata magana ce da ta bazu cikin talakawa, wai likitoci sun bar allura da zare, da gam suke liƙe rauni.

To, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani Ba'amurke, Harry Coover, shi ya gano asalin wannan gam a 1942, aka gwada shi ga sojoji a yaƙin Biyetnam, kana a 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da irin wanda ake kira Dermabond. Amfaninsa a fili yake: ba sukar allura, ba komowa kwance zare, gama da kansa yake ɓarewa cikin kwana 5 zuwa 10. Ga yaron da ya tsage goshi, lalle ya fi sauƙi.

Amma fata kaɗai yake riƙewa. Sai ƙaramin yanka miƙaƙƙe, mai tsabta, wanda bakinsa ke haɗuwa ba da ja ba. Raunin gona kuwa ba haka yake ba. Saran gatari a ƙwauri, ko yanka bisa gwiwa ko gaɓar yatsa inda fata ke motsi, ɗinki yake so, a kwance zaren bayan kwana 10 zuwa 14. Wanda ƙasa ta shiga, ko cizon kare, sau da yawa likita yakan wanke shi ya bar shi buɗe tukuna, don rufe ƙazanta a ciki shi ke kawo ruɓa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gam ɗin kasuwa, watau na gyaran takalmi. Danginsu ɗaya, amma wannan yana ƙona nama, in ya haɗu da auduga ma har zafi yake ɗauka.

Ina roƙonku ku sanar da dagatai da masu unguwanni: a wanke rauni da ruwa mai tsabta, a danne da ƙyalle wankakke, kada a sa toka ko kashin shanu, a kai mutum asibiti ran nan, a kuma tambayi allurar rigakafin sarƙe-haƙora.