Jawabi a Kan Halin da Ganuwar Kano Take Ciki

Jama'a, duk wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Nassarawa ko ta Ƙofar Kabuga zai ga wasu tuddan jar ƙasa a gefen hanya, wani wuri sun yi tsawo, wani wuri sun kwanta har yara na wasa a kansu. Waɗannan su ne ragowar ganuwar birni, wadda Kanawa ke kira badala.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ta. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499, daga baya Muhammadu Nazaki ya ƙara. Ba da injin aka yi wannan aiki ba. Da hannu aka kwaɓa ƙasa, da kai aka ɗauko ta, unguwa-unguwa, har ganuwa ta kewaye gidaje da gonaki da kasuwar Kurmi da dutsen Dala, domin ko an yi wa birni ƙawanya a sami abinci a ciki. A da, kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da dare. Bayan da sojojin Turawa suka ci Kano a 1903, sai aikin gayya na yi mata yaɓe ya mutu, aka bar ta ga damina.

To, amma ɓarnar ruwan sama ba ta kai ta mutane ba. Mai son yin tubali ya zo da diga ya sari gindinta, ya loda wa jaki ko mota. Wani ya yanki fili a kanta ya kafa shago, maƙwabcinsa ya ga ba a ce komai ba, shi ma ya aza harsashi. Inda aka haƙa ya zama kududdufi, inda aka bari ya zama juji. Hatta aikin hukuma bai kuɓuta ba, domin a 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa saboda faɗaɗa titi. An gina wata a gurbinta, amma sabon gini ba ya maye ginin da ya shekara ɗaruruwa.

Ya kamata a sani cewa an sanya ganuwar a cikin wuraren tarihi na ƙasa, watau ta zama dukiyar 'yan Nijeriya baki ɗaya, ba ta Kanawa kaɗai ba. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta haramta rusawa ko ɓata irin waɗannan wurare, ta kuma tanadi hukunci. Saboda haka wanda ya ga ana ɗibar ƙasa ko ana aza gini a jikin ganuwa, sai ya sanar da mai unguwa ko hakimi, ko ya kai magana ga ma'aikatan hukumar a Gidan Makama.