Ziyarar Tsohuwar Tashar Jirgi ta Baro

Yau Baro za mu leƙa, a jihar Neja, bakin kogin Kwara. Daga nan aka ja layin dogon da ya isa Kano a 1911. Kayan da jirgin ruwa ya sauke, jirgin ƙasa ke kwasa. Yanzu kuwa tsit, ciyawa ta rufe dogon.

In Allah ya kai ku, ku ɗauki hoto da hantsi, kafin rana ta take. Amma don Allah iyaye mata, kada a ɗora yaro kan tsohuwar gadar jirgi wai don hoto ya yi kyau. Tsatsa ta ci ƙarfen, katakon ya ruɓe. Tsofaffin garin kuma ku gaishe su, ku nemi izini kafin ku ɗauke su. Su suka ji kukan jirgin nan da kunnensu.